Ƙarar Keken Kawu

Zuwa ga 'yata Maɓalli,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Innarki, wato uwargidana, tana gaishe ki, yayanki mai gyaran wuta ma haka. Mahaifiyarki ta zo duba ni, ta ce in gaya miki ki riƙa cin abinci, don a hoton da kika aiko wuyanki ya yi tsawo.

Na san kin ji labarina a waya, amma a waya kowa "da sauƙi" yake cewa. Ni ma haka na ce miki, don Innarki tana tsaye a kaina. Shi ya sa na ɗauki biro. Abin da ya faru shi ne, na fita sayen allura wajen mai kayan keke, kin san hawan nan da ke bayan kasuwa. Ina tsakiyar hawan sai na ji kamar an ɗora mini kan keken ɗinki a ƙirji. Na rungumi wani turken fitila, na sulale, ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti. Likita ya ce wata jijiya ce ta toshe a zuciya, sun buɗe ta. Da ƙyar na sha, Maɓalli, kada wani ya gaya miki ba haka ba.

Yanzu ina gida, na zama ɗan gata da furfurata. Ba a barina in ɗauki ko buta. In na sunkuya zan ɗauki takalmi sai in ga an riga ni. Shagon da ƙofarsa ke manne da ɗakinmu ma sai an raka ni. Yayanki kuwa ya rasa abin da zai yi mini, sai ya zo da kayan aikinsa ya cire bel ɗin kekena, ya ɗaura masa wani ɗan inji mai aiki da wuta. Yanzu ba na taka feda, da babban yatsa nake ɗan dannawa, keken ya yi ta gudu kamar an biyo shi. Keken da kika yi rarrafe a ƙarƙashinsa har kika haɗiye maɓallin da ya ba ki suna, in kin ji kukansa yau ba za ki gane shi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mun koma asibiti aka ɗebi jinina. Likitan, wanda ko yayanki ya girme shi, ya ce akwai kumburi a jikina da ya ƙi sauka, wai in fara tafiya da ƙafa kaɗan-kaɗan. Na dawo gida na duba jikina tsaf, ban ga inda ya kumbura ba. Innarki kuma ta ce tafiya ce ta kayar da ni, don haka wanda ya ce in koma tafiya bai san ciwon miji ba. Ke da aka ce jinin mutane kike karantawa a can, ki warware mini wannan magana.

Naki,
Kawu Tela

*

Zuwa ga Kawuna,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarka, na karanta a tsaye a bakin ƙofa ko jaka ban ajiye ba. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina lafiya, a gaya wa Mama wuyana haka Allah ya yi shi, a wajen Kawu na gado.

Kumburin da likita yake nufi ba irin na ƙafar da ta gurɗe ba ne. A cikin jijiyoyin jini yake, ido ba ya ganinsa. A jininmu akwai wasu fararen ƙwayoyi, su ne masu tsaron jiki. Ranar da ka faɗi, wani gefe na naman zuciyarka ya ji ciwo, sai ya aika musu kira ta cikin jini, suka taru suka kwashe abin da ya lalace. Aikin nan nasu da zafi yake zuwa, kuma ana bukatarsa. Kamar dutsen gugarka ne, shi yake gyara riga, shi ne kuma yake ƙona ta in an manta shi a kai. A wasu mutane kiran ba ya tsayawa. Ƙwayoyin su yi ta fitowa suna damun bangon jijiyoyi, kitsen da ya taru a wurin ya zama mai saurin fashewa. Wannan yana cikin abubuwan da ke jawo faɗuwa ta biyu.

To wa zai ce musu su koma, aiki ya ƙare? A nan nawa karatun yake. Ɗakin da nake aiki sanyi gare shi, babu komai sai firji da ƙananan kwalabe da wani injin tafiya a gefe. Tsofaffi irinka suna zuwa, a manna musu wayoyi a ƙirji, su yi tafiya a kan injin, ni kuma in ɗebi jininsu kafin su fara da bayan sun gama. Abin da muke gani shi ne, naman ƙafa in yana aiki shi ma yana sakin nasa saƙon cikin jini. Da farko sai ka ga kamar ya ƙara tayar da ƙwayoyin ne, amma daga baya su lafa fiye da yadda suke a da. In mutum ya ɗore, a hankali kumburin yakan ja baya. Ba duka muka gane ba, wasu abubuwan a jikin ɓeraye kawai aka gani tukuna, amma wannan ɗin na gani da idona.

Ka tuna shekaru nawa ƙafafunka suka yi suna taka feda. Ba su suka toshe jijiyar ba, ta daɗe tana cushewa, hawan kasuwa ya zo ne a kan gaɓa. Yaya ya yi don ƙauna, amma ɗan motsin da ya rage maka ya cire. Ka ci gaba da shan magani, ka bi maganar likita, a mayar da bel. Waɗanda suka koma gida suka zauna don tsoro, su ne sakamakonsu yake ɗaga mini hankali. Kujerar nan ta fi hawan kasuwa haɗari, Kawu. Ni dai ban taɓa saninka da tsoro ba.

'Yarka,
Maɓalli

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da Yaya. Ya ƙarfin jiki?

Kullum sai na duba akwatin wasiƙa, shiru. Na kira waya, Inna ta ce kana hutawa. Na sake kira, aka ce kana hutawa. Mama ta ce lafiyarka lau, amma na ji muryarta, na san akwai abin da take taunawa. Ko takardata ba ta iso ba ne? Ko ta iso na yi maka laifi? In laifi ne ka zage ni, na fi son zaginka da wannan shirun. Jiya wani dattijo ya hau injin tafiya da tef ɗin awo a aljihunsa, ashe tela ne. Sai da na fita waje na wanke fuska kafin in iya ɗibar jininsa.

Maɓalli

*

Zuwa ga Maɓalli,

Sallama da gaisuwa. Innarki ce. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba. Muna lafiya gwargwado. Takardunki duka sun iso.

Kawunki ba zai rubuto ba, don haka ni na rubuto. Ya karanta ta farkon ya ninke, ya jefa a aljihun keke inda yake ajiye alli, tun ranar ko shagon bai ƙara shiga ba. Ya ce ashe har 'yar da ya goya ta gane shi matsoraci ne. Ya ce kuma shi ba ɓeran ɗakinku ba ne. Na san ba haka kike nufi ba, amma kin san halinsa, magana ɗaya yake tsinta ya bar sauran.

Ni ma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ke jini kike gani a kwalba. Ni na ga fuskarsa ranar da abin ya faru, leɓɓansa sun yi toka-toka, takalminsa ƙafa ɗaya aka miƙo mini a leda. Kina can kina cewa a tashe shi ya yi tafiya. In ya faɗi a hanya, wa zai ɗaga shi? Ke ce?

Amma tunda na fara, bari in ƙarasa miki. Tsoron gaskiya ne, yana jinsa. Ina ganinsa yana zaune ya sa hannu cikin riga yana sauraron ƙirjinsa, in ya ga na shigo sai ya yi kamar susa yake. Ƙafafunsa sun sirance, cikinsa ya fito, tsokanar da yake yi mini ma ya daina. Mutumin da in na ce gari ya waye sai ya leƙa waje ya yi musu, yanzu komai na faɗa sai ya ce to.

Injin nan ma ni ban so shi ba, na yi shiru ne don kada yayanki ya ji babu daɗi. Tun da na shigo gidan nan ina aikina a ciki kunnena yana shago. In keken yana tafiya a hankali na san ɗinki mai kyau yake yi. In yana sauri na san wani ya ɓata masa rai. In ya tsaya ya ci gaba, na san zare ne ya tsinke. Ban taɓa leƙa shi ba, ta bango nake sanin lafiyarsa. Wannan injin kuwa kukansa ɗaya ne, ba ya gaya mini komai, sai in yi ta sintiri ina leƙe. Rabona da barcin kirki tun ranar da ya faɗi, ko na kwanta idona biyu.

Ki gaya mini yadda zan yi, amma ki gaya mini a hankali.

Innarki

*

Zuwa ga Innata,

Na gaishe ki da girmamawa, ina yi miki sannu da jinya. Na ga takardarki, rubutunki kuma ya fi na likitocinmu karantuwa.

Na yi wa Kawu magana kamar ina gaban malamaina, ba kamar ina gaban wanda ya goya ni ba. A ba shi haƙuri. Wanda ya ga abin da ya gani dole ya ji tsoro. Dattawan da ke zuwa wajenmu ma haka suke fara hawa injin, sun ƙanƙame ƙarfe kamar za a ƙwace musu. Abin da na faɗa game da zama kuwa ba zan janye ba, Inna, don in na janye na cuce ku.

Tambayarki gaskiya ce, kuma ba ni ce zan amsa ta ba. Ku koma wajen likitan nan tare, ki tambaye shi da bakinki duk abin da ke ranki. Ki ce ya gwada Kawu yana tafiya a gabansa da wayoyi a ƙirji, ya faɗa muku iya inda zai iya, da alamun da in an gani za a tsaya: ciwon ƙirji, jiri, zufa mai sanyi, numfashi yana gagara. Kada a fara komai sai ya ba da izini.

In ya bayar, akwai wani awo da ba ya bukatar inji. Mutum yana tafiya ana yi masa magana. In yana iya mayar da amsa cikakkiya ba tare da ya tsaya neman numfashi ba, tafiyar daidai take. In maganarsa ta fara gutsurewa, a rage sauri ko a zauna. Ke nan ana bukatar wanda zai jera da shi yana jan shi da magana, wanda kuma ya san muryarsa ciki da waje. Na duba duk dangi ban ga wanda ya kai ki ba. Kuma "to" ba amsa ba ce, sai kin nemo abin da zai sa shi musu.

Ba zan yi miki alkawarin ba zai sake faɗuwa ba, wannan na Allah ne. Abin da na sani shi ne, tsaron da kike yi masa a zaune za ki iya yinsa kuna tafe, kuma na biyun ya fi amfanar zuciyarsa.

'Yarki,
Maɓalli

*

Zuwa ga Maɓalli, marar kunya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu nan lafiya, kuma wannan karon ba irin ta waya ba ce. An daɗe, na sani. Da farko fushi nake, daga baya kuma ban samu zama ba, laifinki ne wannan.

Mun je wajen likita. Innarki ta tsare yaron nan da tambayoyi har ya cire tabarau ya goge. Aka ɗora ni a injinku, na yi tafiyar da ba ta kai ni ko'ina ba, ya ce na ci. Ya gaya mana iyakata, ya ce banda ɗaukar kaya, banda gasa da kowa.

Ranar farko iyakarmu bakin layi. Muna fita ta ce wai labulen ɗakinmu da na ɗinka tun muna sabon aure, gefe ɗaya ya fi tsawo. Maɓalli, labulen nan da tef na auna shi. Na yi mata bayani tun daga ƙofar gida har wajen mai wankin mota, ban san mun kai ba. Washegari ta ce ƙanenta ya fi ni iya wuyan riga. Sai da aka kwana biyu na gane shiri ne, kuma na gane daga inda aka aiko shi. Yanzu mukan zaga ta bayan makaranta mu dawo, maƙwabta sun ɗauka aurenmu ne yake tangal-tangal.

An sake ɗibar jini. Kumburin ya ɗan sauka, ba kamar yadda likita yake so ba, ya ce a ci gaba. Ni dai na san hannuna ya rage shiga cikin riga.

Sai maganar bel. Na kira yayanki na ce ya cire injinsa. Ya ce ko bai yi kyau ba ne. Na ce ya yi kyau har ya yi yawa, ya bar mini shi a kan teburin gefe saboda ranar manyan ɗinki. Ya cire, sai ga shi tsohon bel ɗin ya yar da shi tuni. Irinsa na fata kuwa a wuri ɗaya ake samu, wajen mai kayan keke, a saman hawan nan. Ya ce zai je ya sayo. Na ce a'a. Ba don bai iya ba, kin dai gane.

Sai da muka tambayi likita, ya ce mu hau a hankali, mu huta in da bukata. Muka fita da hantsi. Innarki ta taho da zancenta a shirye, wai almakashina ya dakushe. Ina ba ta amsa, muna hawa, har na hango turken fitilar. Yana nan yadda yake, an ma manna masa tallar makaranta. Na rage sauri. Na jira ta jefo wata maganar in kama, sai na ji shiru. Na waiwaya. Matar nan da ba a taɓa rufe mata baki ba tana tsaye tana kallon gindin turken.

Sai na ga in ban yi magana ba a nan za mu kwana. Na kama hannunta a tsakiyar titi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata labulen nan gaskiyarta ne, gefen hagu ya fi tsawo, ƙyallen ne ya zame mini kuma na ga ba ta lura ba. Na ce ƙanenta kuwa har gobe bai iya wuyan riga ba. Na yi ta zuba, magana cikakkiya ba gutsure, ita tana share ido da gefen mayafi tana jin numfashina. Ban san lokacin da muka wuce turken ba. Da muka kai sama ita ce ta nemi benci.

Yayanki da kansa ya ɗaura bel ɗin, ya huda ya sa ƙarfen da ke haɗa bakinsa, ya ɗiga mai. Jiya da rana na zauna na ɗora ƙafa a feda. Da farko gwiwoyina sun yi gardama, keken ya juya baya ya tsinke mini zare, sannan muka tuna juna. Kalmasar labule nake, kin san wanne. Na yi nisa sai na lura ba a leƙo ni ba. Na ci gaba, shiru. Na tashi na je bakin ƙofar ɗaki. Innarki tana kwance a kan tabarma jikin bangon shago, tiren shinkafar da take tsincewa yana gefenta, tana barci har da minshari.

Tsayawar keken ta sa ta fara motsi. Sai na koma da sauri na ci gaba da takawa. Labulen ya ƙare, na jawo wani tsohon ƙyalle na yi ta ɗinka shi ba gaira ba dalili har ta farka don kanta.

Ki gaida tsohon telan nan naku, ki ce ya saki ƙarfen injin tafiyar.

Naki,
Kawu